Abincin dare da waƙa a gidan abincin unguwa a Italiya: Abin da ya kamata baƙo ya sani

Ma'aikacin gwamnatin da aka tura taro hedikwatar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin Rum, da ɗan kasuwar da ya je baje kolin takalma na MICAM a Milan, da dillalin fatar da ya nufi garin Solofra kusa da Napoli, inda ake jeme fatun awaki da tumaki, dukkansu akwai gayyata guda da ke jiransu. Da zarar an tashi daga aiki ko an tsayar da ciniki, mai masauki zai ce a tafi cin abincin dare. Sau da yawa inda zai nufa da baƙonsa wani ɗan gidan abinci ne a lungun unguwa, mai tebura goma sha wani abu, inda mai gidan ya san shi da suna, kuma a wasu darare mawaƙi ke zagayawa tsakanin teburan da jita a rataye.

Ga mutumin Italiya, wannan zama ɓangare ne na hulɗar kanta. Wanda ya kai ka inda yake cin abinci da iyalinsa ya nuna ya yarda da kai. Sai dai wurin yana da ƙa'idojin da ba a rubuta su a bango ba, kuma baƙon da bai san su ba yana iya yin asara ta fuska uku: ya biya kuɗin da bai yi tsammani ba, ya ɓata wa mai masaukinsa rai ba da niyya ba, ko kuma, wanda ya fi muni ga Musulmi, ya ci naman alade ko abin da aka dafa da giya bai sani ba. Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, to ga amsoshin tambayoyin da ya kamata a yi tun kafin a zauna.

Sunayen da ke saman ƙofa

Gidajen abinci a Italiya suna da sunaye daban-daban, kuma kowane suna yana da tarihinsa. Ristorante shi ne babban gida mai ma'aikata cikin kayan aiki, da doguwar takardar jerin abinci, da farashi mai tsada. Trattoria ita ce ta unguwa. Galibi iyali guda ne ke riƙe da ita: uba yana tarbar baƙi da karɓar kuɗi, uwa ko ɗa na madafa, 'ya ko ƙane na kai faranti. Jerin abincinta gajere ne, wani lokaci ma da alli ake rubuta shi a kan allo, kuma yana sauyawa gwargwadon abin da aka samo a kasuwa a ranar.

Osteria kuwa asalinta wurin shan giyar inabi ne, inda leburori da matafiya ke zuwa da guzurinsu su ci. Har yau akwai irin wannan a birnin Bolonya, wato Osteria del Sole, wadda tarihinta ke komawa shekarar 1465, kuma har gobe mutum da abincinsa yake shiga. Amma a yanzu sunayen sun cakuɗe, domin akwai gidaje masu tsadar gaske da ke kiran kansu osteria don su ari kwarjinin tsohon suna. Saboda haka suna kaɗai bai isa shaida ba.

'Yan Italiya suna kishin waɗannan ƙananan gidaje. A shekarar 1986, lokacin da kamfanin McDonald's ya buɗe reshe kusa da dandalin Piazza di Spagna a birnin Rum, an yi zanga-zangar nuna ƙin amincewa. Daga wannan yunƙuri ne Carlo Petrini da abokansa suka kafa ƙungiyar Slow Food, mai kira da a ci abincin gargajiya cikin natsuwa, wadda ta zama ta ƙasa da ƙasa a wani taro a birnin Faris a 1989. Tun daga 1990 ƙungiyar ke fitar da kundin shekara-shekara na ƙananan gidajen abincin da suka riƙe girkin yankunansu.

Lokaci, da teburin da ba a tashin mutum a kai

Kuskuren farko da baƙo kan yi shi ne na lokaci. Trattoria ba ta wuni a buɗe. Tana ba da abincin rana daga wajen ƙarfe 12:30 zuwa 2:30 ko 3:00, sai ta rufe, ba za ta sake buɗewa ba sai ƙarfe 7:00 ko 7:30 na yamma. Mutanen gari kuwa sai wajen ƙarfe 8:00 zuwa 9:00 suke fara shigowa, kuma duk yadda aka ƙara gangarawa kudu, haka ake ƙara jinkirta cin abincin dare, musamman a lokacin zafi. Yawancin gidajen suna da rana guda ta hutu a mako, wasu kuma suna rufewa baki ɗaya na mako biyu ko fiye a kewayen ranar 15 ga Agusta, wato hutun Ferragosto. A daren Juma'a da Asabar, wanda bai buga waya ya kama teburi ba yana iya komawa da yunwarsa.

Mai kiyaye lokutan sallah ya lura cewa a ƙarshen watan Yuni rana ba ta faɗuwa a birnin Rum sai wajen ƙarfe 9:00 saura kwata, wato magariba tana riskar mutum yana tsakiyar cin abinci. A watan Disamba kuwa tun kafin ƙarfe 5:00 ta faɗi. Kyautuwa ya yi a tsara wannan da mai masauki tun da wuri.

Idan an zauna, to an zauna ke nan. A al'adar trattoria, teburin na wanda ya kama shi ne har ya gama, ko da zaman zai kai awa biyu ko uku. Ma'aikaci ba zai kawo takardar kuɗi ba sai an nema, domin kawo ta ba a tambaya ba tamkar korar baƙo ne. Wasu gidajen da jama'a suka yi wa yawa sun fara raba dare zuwa zama biyu, amma sukan sanar da mutum tun lokacin da yake kama wuri. Baƙon da ya zo da maganar ciniki a baki, hikima ita ce ya yi haƙuri ya bar mai masaukinsa ya fara tado ta.

Abinci daki-daki

A wajenmu an saba da shinkafa da miya da nama duk a faranti guda. A Italiya kowanne da lokacinsa. Ana buɗewa da antipasto, wato ɗan abin taɓa baki kamar gasasshen burodi da tumatir da man zaitun, ko cuku, ko soyayyun kayan lambu, ko yankakken busasshen nama. Sai primo, faranti na farko, wanda taliya ce ko miya ko shinkafar da suke kira risotto. Bayansa sai secondo, wato nama ko kifi, kuma shi kaɗai yake zuwa a faranti. Mai son dankali ko ganye a gefe sai ya nemi contorno daban, ya kuma biya shi daban. Daga nan sai dolce, wato kayan zaƙi, ko 'ya'yan itatuwa, a rufe da gahawa mai kauri a ɗan ƙaramin kofi.

Babu wanda zai tilasta wa mutum cin duk waɗannan. Faranti biyu sun wadatar, kuma haka yawancin mutanen gari ke yi a ranakun mako. Ruwan sha na kwalba ake kawowa, za a tambayi mutum ko naturale yake so, wato ruwa zalla, ko frizzante mai gas.

Bahaushe ya san taliya, tun daga 'yar murji da manja da yaji har ta leda, amma ta Italiya za ta iya ba shi mamaki a cin farko. Ba a bari ta yi laushi sosai. Ana sauke ta da ɗan sauran ƙarfi a tsakiya, abin da suke kira al dente, don haka kada baƙo ya ɗauka ba ta nuna ba ya mayar da ita. Tun 1967 dokar ƙasar ta tanadi cewa busasshiyar taliya da garin alkama mai tauri ake yin ta, kuma wannan alkamar ce ke sa ta riƙe jikinta a tukunya. Ba a yanka doguwar taliya da wuƙa, naɗe ta ake yi da cokali mai yatsu. Ba a barbaɗa cuku a kan taliyar kifi. Gahawa mai madara da ake kira cappuccino kuma abin karin kumallo ce a wajensu, ko da yake ba za a hana wanda ya nema da dare ba. Mai son yaji ya nemi peperoncino, za a kawo masa busasshen barkono ko man da aka jiƙa shi a ciki. Sannan babu laifi a trattoria mutum ya sa burodi ya suɗe miyar da ta rage a faranti, mai girki ma daɗi zai ji.

Taliya tana da tsohuwar alaƙa da duniyar Musulmi. A shekarar 1154, masanin labarin ƙasa Al-Idrisi, wanda ya yi aiki a fadar Sarki Roja na Biyu a tsibirin Sisili, ya bayyana yadda ake yin taliya da yawa a garin Trabia kusa da Palermo, ana loda ta a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista.

Kowace unguwa da tukunyarta

Babu wani abu guda da ake kira abincin Italiya a trattoria. Abincin garin ake dafawa, wani lokaci ma na unguwar. Misali mafi kyau shi ne unguwar Testaccio a birnin Rum, inda babbar mayankar birnin ta yi aiki tun daga ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa 1975. Tsokar nama tana tafiya gidajen masu hali, mahauta da leburorin kwata kuma a bar su da kayan ciki da kai da jela, abin da ake wa laƙabi da kashi na biyar na dabbar da aka raba huɗu. Gidajen abincin da ke kewaye da mayankar suka ƙware wajen dafa su, har tumbi da miyar tumatir da dahuwar jelar sa suka zama abin alfaharin birnin. Duk wanda ya saba da farfesun kayan ciki zai gane hikimar. Tsofaffin gidajen birnin kuma suna bin wani jadawali na mako: Alhamis ƙananan curin dankali da ake kira gnocchi, Juma'a kifi, Asabar tumbi.

A Napoli, birnin da masu kallon ƙwallo suka sani saboda Victor Osimhen da kofin gasar Italiya na 2023, fiza ce sarauniya. Ana gasa ta a tanderun itace mai zafin da ya haura digiri 400, cikin daƙiƙa 60 zuwa 90 kacal. Nau'i biyu ne na asali: marinara, mai tumatir da tafarnuwa da man zaitun da wani ganye mai ƙamshi, babu cuku, da margherita, mai tumatir da farin cuku da ganyen ɗoɗɗoya. Labarin da ya shahara shi ne wani mai gashi, Raffaele Esposito, ya yi wa Sarauniya Margherita irinta a 1889, ko da yake wasu masana tarihi suna shakkar labarin. A 2017 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar masu gasa fiza na Napoli cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Mawaƙan da ke bin tebura

A Napoli ɗin ne kuma al'adar waƙa a wurin cin abinci ta fi kafuwa. Sunanta posteggia, masu yin ta kuma posteggiatori. Mutum biyu ne ko uku, wani lokaci ɗaya tilo. Ɗaya yana riƙe da jita, ɗaya da mandolin, wani ɗan abin kiɗa mai tsirkiya takwas da aka jera bibbiyu, bayansa a dunƙule kamar ɓarin duma. A wasu wuraren akan ƙara da akodiyon, ko tammorra, ganga mai fuska ɗaya da ta yi kama da bandiri. Ba su da dandamali, ba su da lasifika. Sukan tsaya a gefen teburi su rera waƙa ɗaya ko biyu, su matsa gaba.

Waƙoƙin da harshen Napoli ake yin su, wanda ya bambanta da daidaitaccen Italiyanci ƙwarai, kuma da yawansu sun haura shekara ɗari. An yi Funiculì funiculà a 1880 don murnar buɗe jirgin igiya mai hawa dutsen Vesuvio, Luigi Denza ya tsara kiɗan, Peppino Turco ya rubuta baitocin. 'O sole mio ta fito a 1898, baitocin Giovanni Capurro da kiɗan Eduardo di Capua, kuma a kan karinta ne aka ɗora wata shahararriyar waƙar Elvis Presley ta 1960. Bikin Piedigrotta da ake yi a watan Satumba shi ne fagen da ake fitar da sababbin waƙoƙi a da, mawaƙan tebura kuma su ne suke yaɗa su gida-gida a zamanin da babu rediyo. Enrico Caruso, wanda aka haifa a birnin a 1873 kuma ya zama ɗaya daga cikin mawaƙan da suka fi suna a duniya kafin rasuwarsa a 1921, a wuraren shan gahawa da kan titunan Napoli ya fara neman na abinci da muryarsa.

Mai karatu zai iya tuna makaɗan da ke bin gidajen biki a wajenmu, kuma akwai kamanni: dukkansu da abin da masu sauraro suka bayar suke rayuwa. Masu posteggia har zaurancensu gare su, wanda ake kira parlèsia, da shi suke magana a junansu a gaban mutane kan wanda zai yi kyauta da wanda zai hana. Bambancin shi ne ba sa yi wa mutum kirari ko jero sunayen kakanninsa. Sanannun waƙoƙi suke rerawa, na soyayya da teku da kewar gida. Kewar tana da tushe, domin daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 miliyoyin mutanen kudancin Italiya sun yi ƙaura zuwa Amurka da Ajantina da Birazil neman abinci, da yawansu ta tashar jiragen ruwan Napoli. Waƙar Santa Lucia luntana da E. A. Mario ya yi a 1919 a kan masu barin garin ce. Shi ya sa idan aka ɗauko irinta akan ga tsofaffi sun ajiye cokali, ɗakin gaba ɗaya ya kama amshi. Faifan garmaho da rediyo da talabijin sun rage wa sana'ar kasuwa, amma har yanzu ana samun masu yin ta a tsofaffin unguwanni da gidajen abincin bakin teku irin na Borgo Marinari da Marechiaro.

Birnin Rum yana da nasa salon, wato stornelli, gajerun baitoci da ake ƙirƙira nan take, mawaƙa biyu suna mayar wa juna da habaici da zambo, jama'a na dariya. Unguwannin Trastevere da Testaccio ne gidan wannan salo, kuma su ne suka haifi fitattun mawaƙan birnin biyu: Claudio Villa a Trastevere a 1926, da Gabriella Ferri a Testaccio a 1942.

Ladabin sauraro

Kiɗa iri biyu ne a waɗannan gidaje. Akwai wanda mai gida ya ɗauko makaɗa ya biya su, galibi a ƙarshen mako. Shi ne ke da alhakin neman izini da biyan haƙƙin masu waƙoƙin, mafi yawa ta hannun ƙungiyar marubuta da mawallafa ta SIAE, wadda aka kafa a Milan a 1882. A irin wannan dare wasu gidajen sukan ƙara wani abu a kan farashi ko su tsayar da jerin abinci guda mai kuɗi guda, saboda haka a tambaya tun a waya. Akwai kuma mawaƙan da ke shigowa daga titi da yardar mai gida, waɗanda abin da aka jefa musu a faranti ko hula shi ne ladansu. Da yake gidajen abincin a ƙasan benayen da mutane ke kwana suke, hukumomin gari suna ƙayyade lokacin kiɗa da ƙarfinsa, don haka ba a kwana ana yi.

Idan mawaƙi ya tsaya a teburinku, a ɗan tsagaita hira har ya gama, a tafa masa. Ba a yin liƙi a goshi, ba a watsa kuɗi sama. Sulallan Yuro ɗaya ko biyu sun isa ga waƙar da ba a nema ba. Wanda ya zaɓi waƙa da kansa kuwa, takardar Yuro 5, wadda ita ce mafi ƙanƙanta a takardun kuɗin, ta fi dacewa. Wanda ba ya so, sai ya yi murmushi ya ce "no, grazie" tun kafin a fara, mawaƙin zai wuce ba tare da jin haushi ba. Abin kunya shi ne a bar mutum ya rera waƙa uku, a ɗauke shi bidiyo da waya, sannan a kau da kai lokacin da faranti ya iso. Wanda kuma ba ya son zama inda ake kiɗa saboda dalilinsa na addini ko na ra'ayi, yana iya tambaya ko daren na kiɗa ne, ko ya zo da wuri kafin a fara, ko ya nemi teburi a wani ɗakin.

Inda alade da giya ke ɓuya

Wannan ne ɓangaren da ya fi buƙatar kula, domin kalmar maiale, wato alade, ba kasafai take fitowa a takardar jerin abinci ba. Da wasu sunaye yake zuwa. Prosciutto da speck cinyar alade ce da aka busar. Pancetta naman cikinsa ne, guanciale kumatunsa. Salame da salsiccia da mortadella da 'nduja duk da namansa ake yin su, sai dai idan an bayyana akasin haka. Lardo da strutto da sugna kitsensa ne, porchetta gasasshensa, cinghiale kuma aladen daji ne da ake yawan dafawa a yankin Toskana.

Uku daga cikin taliyoyin da birnin Rum ya fi alfahari da su, wato carbonara da amatriciana da gricia, duk da guanciale ake yin su. Saltimbocca naman maraƙi ne, amma da prosciutto a manne a kai. Miyar nama ta ragù, ta Bolonya ce ko ta Napoli, kusan kullum akwai alade da giyar inabi a cikinta. Dahuwar jelar sa ma da giya ake yi, sau da yawa har da kitsen alade. Ana sa kitsen a wasu kayan fulawa, kamar burodin piadina da casatiello da wasu kayan zaƙin Napoli.

Ita kuwa giya, akan zuba ta a risotto tun farkon dahuwa, da cikin miyar kayan teku da yawa. Babà, sanannen kayan zaƙin Napoli, a cikin barasa ake jiƙa shi, wasu kuma suna sa giya a tiramisù. Caffè corretto gahawa ce da aka ɗiga wa barasa. A ƙarshen zama mai gida kan kawo ɗan ƙaramin kofi kyauta na limoncello ko amaro ko grappa. Na farkon launin lemon tsami gare shi, amma dukkansu barasa ce mai ƙarfi. A yi godiya a bar shi, babu wanda zai ga laifi.

Dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa gidajen abinci bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, kamar gyaɗa da madara da ƙwai da alkama, amma alade ba ya cikin jerin. Don haka tambaya ta rage ga mai ci. Jimloli biyu sun isa: "non mangio maiale", ba na cin alade, da "senza vino", ban da giya. Ya kyautu a ambaci prosciutto da pancetta da guanciale da sunayensu, domin wani ma'aikacin yana ɗaukarsu kayan ɗanɗano ne kawai, ba ya lissafa su cikin nama. Batun yankan sauran dabbobi kuwa, mutum ya tambayi malaminsa kafin tafiya. Mai son naman halal zai same shi a shagunan unguwar Esquilino a Rum da kewayen Piazza Garibaldi a Napoli.

Abin da ya rage bayan an tsame waɗannan yana da yawa: taliya da miyar tumatir, taliya da tafarnuwa da man zaitun da barkono, cacio e pepe mai cuku da masoro, pasta alla Norma mai soyayyen yalo, fiza marinara ko margherita, gasasshen kifi da lemon tsami, da kayan lambu iri-iri.

Lissafin kuɗi

Idan an gama sai a ce "il conto, per favore". A takardar za a iya ganin coperto, kuɗin zama da burodi da shimfiɗar teburi, galibi Yuro ɗaya zuwa uku a kan kowane mutum. Halal ne a doka muddin an rubuta shi a takardar jerin abinci. Yankin Lazio, inda birnin Rum yake, ya haramta shi a wata doka ta 2006, sai gidaje da yawa suka koma cajin kuɗin burodi. Wasu wuraren, musamman inda masu yawon buɗe ido ke cika, suna ƙara servizio, wato wani kaso na kuɗin hidima, shi ma dole a rubuta shi tun farko. Tukuici ba wajibi ba ne. Wanda ya ji daɗin hidima yakan bar 'yan canji ko ya cike kuɗin.

Tarkon da ya fi kama baƙi shi ne kalmar etto, wato giram 100. Kifi sabo da babban gasasshen naman Fulorans da awo ake sayar da su. Idan aka rubuta Yuro 7 all'etto, kifi mai giram 800 zai tashi Yuro 56. A nemi a auna a faɗi kuɗin kafin a ɗora a wuta. Alamar tauraro a gefen sunan abinci kuma tana nufin daskararre ne aka narkar.

Tun daga ranar 30 ga Yunin 2022 akwai tara a kan ɗan kasuwar da ya ƙi karɓar biya da kati, kuma wajibi ne a ba mai saye rasit. Ma'aikacin da zai yi bayanin kuɗin tafiya idan ya dawo ofis kada ya yarda da lissafin biro a kan takardar teburi. Wanda ya yi gayyata shi ke biya. Idan abokai ne suka haɗu, sukan raba daidai wa daida, abin da suke kira alla romana. Shan taba a cikin ɗaki kuwa an hana shi tun watan Janairun 2005.

Yadda ake gane ta gaske

Baƙon da ya fita shi kaɗai ba tare da mai masauki ba yana da alamun da zai bi. Gidan da aka tsayar da mutum a ƙofa yana kiran masu wucewa, da hotunan abinci a allo da jeri mai harsuna shida, a gaban wani shahararren wurin tarihi, don baƙin kwana ɗaya aka buɗe shi, kuma farashinsa da mawaƙinsa duk haka suke. A yi tafiyar minti goma zuwa cikin unguwa. Inda aka ga jerin abinci gajere, da ƙarfe tara na dare kuma tebura cike da mutanen gari, kaka da jikoki a teburi guda, mai gida yana zagayawa yana gaisawa, to an zo.

A irin wannan gida, idan baƙo ya faɗi abin da ba ya ci a fili tun farko, mai girki yakan fito da kansa ya ba shi shawara, domin mutuncin gidan yana kan kowa ya tashi a ƙoshe. Wanda ya ba zaman lokacinsa, ya saurari waƙar, ya sallami mawaƙin da abin da ya sawwaƙa, idan ya koma washegari zai tarar an riga an san fuskarsa, an kuma tuna cewa ba ya cin alade.